Inda Tsagar Ta Fara

"Ajiye tsintsiyar nan!"

Ban san na yi tsawar ba sai da na ga matar Tela ta saki tsintsiya ta ja da baya. Ita taimako ta zo yi, baiwar Allah. Gilashin babbar tagar shagon Mai Gilashi ya zube, rabi ciki rabi waje, mutane kuma sai shige da fice suke yi. Mai Gilashi yana kwance tsakanin teburin yanka da tagar, an lulluɓe shi da bargon da yake shimfiɗa wa madubai, goshinsa a tsage. Da safen nan muka gaisa. Da safen nan ya tsokane ni, wai sandata ta fi ni ƙuruciya.

"Baba, yara za su taka," in ji ta.

"To a kori yaran. Gilashi dai ba mai taɓa shi."

Shekara da shekaru bencina yana jingine da bangon shagonsa. Ni ban yi boko ba, kuma ba na son surutu, amma mutumin nan ya cika mini kunne da zancen fashewa. Ko kofin tangaran aka fasa a gidan wani, sai ya ce a kawo masa gutsattsarin. Ya jera su, ya ɗauko ɗan madubinsa mai ƙara girman abu, ya yi ta leƙen bakin tsagar kamar mai neman ƙaya a ƙafa. Na sha ce masa, "Tsoho da kai kana wasan yara." Shi kuwa sai ya ce ba a share gilashi sai an ga inda tsagar ta fara.

A waje hayaniya ta kaure. Samarin layi sun cukuikuye ƙanen Mai Gilashi, Direba, sun danna shi jikin tsohuwar motarsa, rigarsa ta yage har kafaɗa. Kowa ya ji faɗansu da hantsi. Direba ya zo ne ya ce yayan ya rufe shago ya koma gidansa ya huta, yayan ya ce shi ba kayan ajiya ba ne. Suka yi ta ɗaga murya, Direba ya fito a fusace. Jim kaɗan aka ji ƙarar fashewar gilashi.

"Da idona na ga dutse a hannunsa!" Mai Aski yake faɗi, almakashi a hannunsa. "Ƙaton dutse!"

"Dutsen da yake tare tayar motarsa da shi kullum?" na ce. "Kai yau ka fara ganinsa?"

"Baba, ka koma ka zauna. Kisa ne wannan."

Direba yana nan manne da jikin mota. Idonsa na kan ƙofar shago, bakinsa sai "Yaya, Yaya" yake yi. Wani yaro mai jan ido ya riga ya zaro katako daga shagon kafinta. Na daɗe a duniya, na san irin shirun da taro ke yi kafin hannu na farko ya sauka. Shi na ji.

Sai ga Auta, 'yar marigayin, ta shigo layin a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. A shagon nan ta yi rarrafe, a nan ta koyi yanka gilashi kafin ta yi aure. Ta durƙusa ta ɗaga bargon, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi ihu ba, ni kuwa da ta yi da ya fi mini sauƙi. Mai Aski ya leƙo yana cewa, "Baffanki ne, ga shi mun riƙe shi."

Na ce mata, "'Yata, ban bari an share ba."

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta miƙe.

"Ku dakata da shi," ta ce. "Wanda ya taɓa shi kafin in gama, ban yafe ba."

Ta shiga tsince manyan gutsattsari tana jerawa a kan teburin yanka. Sunan shagon da jan fenti aka rubuta shi a fuskar gilashin ta waje, sai ta yi ta haɗa haruffan. Yatsanta ɗaya ya yanke, ba ta ko duba ba. A hankali tsagogin suka fito, duk sun nufi wuri guda kamar wayoyin tayar keke. Ta ɗauki wani siriri daga tsakiya, ta ciro madubin ubanta daga aljihun teburi, ta tsaya bakin ƙofa inda rana take.

"Ga shi. Ɗan wuri sumul kamar idon kifi, daga nan layuka suka bazu. A nan ta fara, a gefen fenti."

"Gefen waje ke nan!" Mai Aski ya yi tsalle. "Ban faɗa ba? Jifa ne!"

Samarin suka motsa. Na ce a raina, ashe ni na ajiye masa shaidar da za ta kashe shi.

"Baba, ara mini sandarka," in ji Auta.

Ta dafa gwiwarta a tsakiyar sandar, ta ja bakin biyu. "In na ci gaba, ta ina za ta fara tsagewa? Ta wajen gwiwata, ko ta can bayan?"

"Ta bayan," in ji Kafinta, tun kafin kowa.

"Haka gilashi yake. Lanƙwashewa yake yi kafin ya fashe, ta bayan bugun yake buɗewa. Da daga waje aka jefe shi, da ta ciki ta fara. Wannan daga ciki aka tura shi." Ta kai hannu daidai tsayin goshin mutum a jikin tagar da babu komai. "Babana ne da kansa ya faɗa kan gilashin."

Yaron nan ya saki katako. Mai Aski ya sa almakashinsa a aljihu yana wani gyaran murya, ban ko dube shi ba. Daga baya likita ya ce zuciya ce ta tsaya masa yana tsaye.

Direba ya shigo yana jan ƙafa, yagaggiyar riga na lilo. Ya dubi teburin, ya dubi bargon.

"To me ya kai shi taga? Ba ga kujerarsa can ba?"

"Kai yake leƙe, Baffa," in ji Auta. "Duk ranar da kuka yi faɗa, nan yake tsayawa sai ya ga motarka ta tashi lafiya."

Direba ya zame ya zauna a ƙasa, a cikin gilashin, sai da na sa aka ɗaga shi.

Da la'asar, bayan an tafi da Mai Gilashi, na dawo bencina. Direba na ciki shi kaɗai da tsintsiyar matar Tela. Mutumin da bai saba da shara ba, yana yi a hankali, gilashi na ƙara ƙasa-ƙasa. Siririn gutsuren nan kuwa bai taɓa shi ba. Yana nan kan teburin yanka kusa da ɗan madubin, da guntun jan harafi a jikinsa, rana tana shigowa ta tagar da babu gilashi.