Kofi Na Tara

Dechamma ta ɗebo gahawar da cokali, ta zuƙe ta da ƙarfi har ta yi ƙara. Ba ta ko gama juya ta a baki ba ta tofar a gwangwani.

"Kai! Imtiyaz, wa ya aiko mana da wannan?"

"Ni da ke duk ɗaya, Madam," in ji Imtiyaz, mai soya musu ƙwayar gahawa. "Lamba tara, iyakar sanina ke nan."

"Wannan ai ruwan wankin buhu ne. Mai gonar nan baza shanya ya yi ya tafi ya yi ta sharar barci, ruwa ya zo ya yi mata dukan tsiya. Kuma don ƙarfin hali ya ɗauko ya kawo mana har Bengaluru."

Imtiyaz ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma ta ji daɗin maganar tata, don mace ce da bakinta ya iya ɗanɗano, ya kuma iya yanka. Ta rubuta sittin da huɗu a gaban lamba tara, ta matsa zuwa na goma.

Haka kamfanin ke yi duk shekara. Shagunan shan gahawa ɗari da arba'in gare shi, kullum kuma ana buɗe sabo, sai ya gayyaci ƙananan manoma daga duwatsun Kodagu da ke kudancin Indiya kowa ya kawo samfurinsa. A jera kofuna, a ba kowanne lamba, a rufe sunaye a ambulan. Wanda ya kai maki tamanin, kamfani zai sayi amfanin gonarsa shekara uku cur da farashi mai kyau. Wanda ya gaza, sai dai ya koma hannun dillalai su yi masa yadda suka ga dama. Dechamma ce babbar mai ɗanɗano, abin da ta rubuta ya zauna.

Da Imtiyaz ya fita cin abincin rana, ta yage ambulan tana haɗa sunaye da lambobi. Tana zuwa kan na tara hannunta ya tsaya cak. K. M. Poovaiah, Virajpet. Mahaifinta.

Bai gaya mata ƙungiyarsu ta manoma na cikin masu zuwa bana ba. Amma labarin wannan shanyar, babu wanda ya fi ta saninsa. A watan Janairu ya kira ta ya ce, "Dechu, ko kwana biyar ne ki zo. Masu tsinkar gahawa sun yi wuya bana, gadon bayan nan nawa kuma ya ƙi ni." Ta ce masa ana buɗe sabon shago a filin jirgi, ba za a bar ta ba. Gaskiyar magana, ko tambaya ba ta yi ba. Bayan kwana uku ruwan bazata ya sauko da tsakar rana, tsoho shi kaɗai yana jan tamfol a filin shanya, don tun rasuwar mahaifiyarta ba kowa a gidan sai shi. Da suka yi waya daga baya, abin da ya ce kawai shi ne an ɗan yi yayyafi.

Wannan shi ne mutumin da ta ce ya tafi barci. Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa, duk da ba kowa a ɗakin sai kofuna.

Ta duba ƙofa. A kamfanin ba wanda ya san 'yarsa ce, masu suna Poovaiah kuwa a Kodagu sun fi a ƙirga. Ta ɗauki biro ta rufe wa shidan baki, ya koma takwas. Tamanin da huɗu. Kafin zuciyarta ta yi mata gardama ta sa hannu, ta kai takardar ofishin manaja, ta riƙe kwafi ɗaya.

Al'adar kamfani ce mai ɗanɗano ta sauka da kanta ta karanta wa manoma sakamako. Suna zaune a shagon da ke ƙasan benen kamfanin, su goma sha biyu, sun haɗe tebura, sanyin na'ura ya sa duk sun takure. Mahaifinta na gefe cikin farar riga mai karin guga, ya jingine lemarsa a gwiwa.

"A'a, ga 'yarmu ta zama hukuma!" Biddappa ne, maƙwabcinsu na gona, wanda bakinsa ba ya hutawa. "Ke Dechu, wai da gaske kofi ɗaya a nan kuɗinsa rupi ɗari uku? Ashe zinariya muke nomawa ba mu da labari."

"Sannu da hanya, Kawu." Ta juya ga mahaifinta. "Appa, ka zo ba sanarwa?"

"Aiki kike yi," in ji mahaifin nata. "Yi aikinki."

"Ai uban nan naki tun daga Virajpet ya ishe mu a mota," Biddappa ya ci gaba. "Wai shi ya san tasa ba za ta wuce ba, ruwa ya gama da ita, kowa ya shaida. Wai ya biyo mu ne kawai mu ga yadda 'yarsa za ta cafke ta daga kurɓa ɗaya. Ya ce ko shi da ya haife ki bai isa ya yaudari harshenki ba."

Sauran suka yi dariya. Poovaiah ya sunkuyar da kai yana murmushi irin na mai jiran a tabbatar da maganarsa.

Takarda ta riga ta shiga ofis, magana kuwa zarar bunu ce. Ta fara karantawa. Na ɗaya ya wuce, na biyu bai wuce ba. Biddappa ya sami saba'in da tara, ya dafe kai ya ce maki ɗaya tak, ko a makaranta malam kan yi sassauci. Da ta iso na tara sai ta karanta da sauri.

"K. M. Poovaiah, tamanin da huɗu."

Ba wanda ya tafa. Manoman suka dubi juna, suka dubi kofunansu. Murmushin tsohon ya ɗan jima a fuskarsa kafin ya gane ba shi da sauran amfani.

"To, madalla," in ji Biddappa a hankali. "Da mun sani, da mu ma mun turo 'ya'yanmu birni."

Yadda ta ƙarasa sauran ukun, ita kanta ba ta sani ba. Tana gamawa mahaifinta ya dogara lemarsa ya miƙe, ya yafito ta zuwa gindin bene inda ba mai jin su.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Harshenki ne ya mutu, ko hannunki ne ya yi?"

"Appa, da na zo a watan Janairu..."

"Ba Janairu na tambaye ki ba."

Ta kasa ɗaga ido. "Hannu ne."

Ya sauke dogon numfashi. "Nawa harshen ya ba ni?"

"Sittin da huɗu."

"Ya yi adalci. Ni da hamsin na zata. Takardar tana ina?"

"Tana wurin manaja."

"In buhunan suka iso suka ɗanɗana fa? Ko Biddappa ya buɗe bakin nan nasa?"

"Kora ce, Appa."

Ya daɗe yana kallon matattakalar. Shekara sittin da takwas, duk Virajpet an san ko tsakuwa ɗaya bai taɓa bari ta shiga buhunsa ba, balle ƙarya ta shiga bakinsa. Ya gyara wuyan rigarsa.

"Wuce gaba ki nuna min ofishin. Zan janye gahawata. Zan ce ni na kira ki da safe na matsa miki, na haɗa ki da darajar uwarki da ke ƙasa, har kika rasa yadda za ki yi. Tsoho in ya yi rashin hankali, an fi yafe masa."

"Appa, ai ba haka aka yi ba. Ƙarya za ka yi?"

"To ya zan yi, Dechu? Ni dai ban iya ba, in na yi tuntuɓe ki yi shiru kawai, kada ki gyara min."

Ya kama ƙarfen benen da hannu ɗaya, ya dafe bayansa da ɗayan, ya fara hawa a hankali. Tana bin sa a baya tana jin yana maimaita maganar ƙasa-ƙasa, don kada ya manta.