Tabon da Malam Kashim Yake Jira

"Kada ku taɓa ƙafafun nan!" na ce. Matan da suka shigo da tukwanen abincin makoki suka tsaya cak. Haula, ƙanwar mamacin, har ta kama ƙafa ɗaya.

"Haba Hajja! Mutum ya rasu, kina gadin ƙarfe? Ina za mu kafa murhu?"

"Ku kafa a bakin rijiya."

Bari in koma baya, ni ban iya labari a miƙe ba. Malam Kashim maƙwabcina ne a Sabon Layi, shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da ya bar koyarwa ya kama kallon rana. Yana da madubin hangen nesa da wani murfi mai ƙyalli da yake rufe masa baki, sai rana ta fito kamar farin faifai mai ɗige-ɗige. Ya manna wayarsa a jiki ya ɗauki hoto. Matarsa Ya Gumsu takan ce, "Mazan mutane suna neman inuwa, nawa rana yake bi."

Bana ɗansa ya aiko masa da sabuwar ƙafa mai inji, wadda ke juya madubin da kanta tana bin rana. Mangwaron gidansa ya tare gabas, sai ya roƙi tsakar gidana. Kwana biyu ya yi yana daidaita ta, yana haki, yana hutawa a kan turmina. Da ya gama, ya zagaye kowace ƙafa da farin fenti.

"Hajja, in ta gusa ko faɗin yatsa ne, sai an sake daga farko. Ni kuma ba ni da numfashin sakewa."

Wani tabo yake bi a fuskar rana, wai ya fi duniyarmu girma. Da tsohuwar ƙafa hotonsa rawa yake yi, kuma kafin sabuwar ta zauna, tabon ya zagaya bayan rana.

"Kwana goma sha huɗu zai ɓullo ta wancan gefe, in da rai."

"Ran wa?"

"Ni da shi duka."

Ya koya mini: ƙarfe takwas na safe in yaye zanen, in tabbata murfin yana nan, in danna koren maɓalli, in taɓa wayar.

"Kada ki leƙa ba murfi, ido zai tafi."

"Idon da ya riga ya yi sallama?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ran kwana goma sha ɗaya, bayan azahar, aka ce ya cika. Kafin magariba an dawo daga maƙabarta. Ban yi kuka ba. Na nemi kukan, ban same shi ba. Lissafin kwana kawai nake yi.

Haka aka yi ta girki ana zagaye madubin. Haula ta daina gaishe ni.

Ranar ɓullowar tabon ta faɗo daidai da sadakar uku. Ya Gumsu tana takaba, ba fita, sai ta miƙo mini wayarsa ta kan katanga. Maza suna addu'a a ƙofar gida, ni ina tsaye da zane a hannu. Na danna. Injin ya yi ɗan gurnani kamar kyanwa. Ga faifan, ga wani baƙi can a gefensa. Na taɓa wayar har sau uku, don ban yarda da yatsana ba.

Na kai mata ɗaki. Ta daɗe tana kallo.

"Shi ke nan? Wannan ɗan ɗigon?"

"Shi ne."

"Ya dawo ke nan."

"Ya dawo."

Ta kifa wayar a kan cinyarta. Na zauna tare da ita har aka kira la'asar.

Da na koma gida, ashe na manta ban kashe injin ba. An kwashe tukwane, an share toka. Madubin yana tsaye cikin zagayen fentinsa, ya juya yamma shi kaɗai, yana bin rana a hankali.