Takun Baba a Kan Gilashi

…saboda haka, ya kai mai karatu mai daraja, ma'abocin natsuwa da sanin ya kamata, kai da ba ka taɓa ganina ba, amma na tabbata da ka gan ni da ka miƙe tsaye, ina roƙon ka gyara zama. Mai magana da kai ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da kyakkyawan rubutu, ba a taɓa kama shi da karkataccen layi ba, ga shi kuma yau da furfurarsa ɗalibi ne a ajin zane mai motsi. I, ɗalibi. A gaban Malama, sa'ar 'yar cikina, mai ce mini, "Kawu, saki hannunka." Ni ake ce wa in saki hannu…

Amma abin al'ajabi ne, wallahi. Tebur mai gilashi, fitila a ƙarƙashi. Ƙarfe mai haƙora uku. Kowace takarda da hujinta a gindi, ka zura ta a haƙoran ta zauna daram a kan 'yar'uwarta, ka hango zanen ƙasa ta cikin na sama, ka matsar da ƙafa kaɗan, kaɗan ƙwarai. Wata takardar, wani kaɗan ɗin. Sannan ka riƙe su a tsakanin yatsu ka kaɗa, sai ga mutum yana tafiya. Daga fensirina. Zuciyata har yanzu ba ta saba ba.

Baba nake zanawa, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Hotonsa guda ne a duniya, a zaune. Babbar Yaya ta ce ta manta tafiyarsa, ga idonta na dushewa kullum, likita kuwa sai kaɗa kai. Gobe Malama za ta ɗauki takarduna da kyamara, a haska wa Yaya a bango, ƙato, tun tana iya gani. Malama dai ta ce, "Yana tafiya, Kawu, amma tafiyar kowa ce." Tafiyar kowa? Ubana? Na ja kujera na koma kan gilashin.

To ga Auta. Ƙanina, mai ɗinkin littattafai, shi ma ya yi furfura amma hankali bai iso ba. Ya shigo da hantsi ba na nan, ya ga tarin takarduna baki ba daidai ba, gindi duk huji. Idon sana'a ya motsa. Ya kwashe, ya kai shago, ya sa a ƙarƙashin wuƙar nan tasa ta datse gefen littafi… ga shi tsaye a gabana yana murmushi. "Yallaɓai, na gyara maka. Ko huji ɗaya babu."

Ko huji ɗaya babu.

Ina kaɗawa, Baba na tsalle. Yana karkarwa, ƙafa a nan, kai a can, kamar mai zazzaɓi. Da me zan daidaita su? Wannan Yaya za ta gani? Ina ji bakina na zuba, kalmomi manya-manya, jahilci, ta'adi, shisshigi, ban ma san na tanade su ba. Murmushin Auta ya mutu. Ya juya. Ya sa hannu a baya, ya nufi ƙofa —

Tsaya.

Kafaɗar hagu. Ta faɗi kafin ƙafar dama ta tashi. Kafin, ba tare ba. Ni kuwa tare nake zana su, shi ya sa… Ga ɗan jinkirin nan, kamar ƙasa ta riƙe diddigen tana roƙon ya dakata. Yamma, jikin katangar makaranta, Baba na dawowa daga aiki, mu uku a bakin ƙofa, Yaya na cewa ku goge hancinku ga shi nan. Babban yatsa na murza ɗan'uwansa a baya. Auta na goye a lokacin, bai tasa ba Baba ya rasu, ina ya gani? Wa ya koya masa? Tsawon rayuwarmu Auta na wucewa ta gabana, ni ina can ina duban layi.

Fensir. Ina fensirin? Sabuwar takarda, mai huji, haƙora uku, daram. Hannuna ya saku da kansa, da Malama na nan da ta yi dariya. Zan gama kafin gobe? Ban sani ba. Yatsun nan sun tsufa, bayana ya riga ya fara ƙorafi, takardun kuwa da yawa, da yawa…

"Auta, dawo."

Ya waiwayo, ido ja. "In biya kuɗin takarda ne, faɗi."

Kuɗi wai. Mai karatu, shaida ne kai, ban zalunce shi ba. Laifi ya tabbata, mai laifi ya amsa, ga tarar da na yanke masa: daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, hannu a baya, ba zama, ba shayi, har sai na ce ya isa.