Maɓallin da Baba Kumai Ya Jira

Saura minti arba'in a rufe rajistar irin citta, sunan Baba Kumai bai fito ba. Bernice ta sake bin jerin da yatsa tun daga sama. Manoma ɗari biyu da sha ɗaya, babu shi.

Ita ta gina wa ƙungiyar manoma shafin rajistar a intanet. Aikinta na farko ke nan, bayan shekara ashirin tana buga wa mutane takardu a Kafanchan. Da aka yi gardama a taro, Baba Kumai ne ya tsaya mata. Ciwon suga ya cinye masa ido, wayarsa ke karanta masa komai, ya ce in dai Bernice 'yar Meshak ce ta gina, ko makaho zai cika.

Ta kira shi a Zonkwa.

"Baba, ba ka aika ba?"

"Na cika tun Talata, 'yata. Na kai wurin aikawa, matan nan na cikin waya ya ce a rufe yake. Ina jira ku buɗe."

"Kwana uku? Me ya hana ka kira ni?"

"Na ce aiki ya yi miki yawa."

Ta buɗe rubutun da ke sarrafa shafin. Ita da kanta ta sa wa maɓallin aikawa wata alama da ido ba ya gani, don waya ta gaya wa makaho cewa bai buɗe ba sai an gama cikawa. In an gama, umarninta yana mai da shi kore. Launin kawai ta tuna, ta manta ta sa umarnin ya cire alamar. Alamar tana nan daram.

In ta gyara, Baba ya sabunta shafin, duk abin da ya cika zai goge.

"Baba, danna shi haka nan."

"Ya ce a rufe fa."

"Ƙarya take, ni na sa ta."

"Ke kin koya wa waya ƙarya?" Ya yi 'yar dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ji shi yana lalube, wani zakara na cara a bayansa. Ta zuba wa allo ido har ya fara yi mata yaji. Can jerin ya motsa: ɗari biyu da sha biyu, Kumai.

Ta sauke numfashi, ta fara rubuta layin da zai cire alamar. Sai hannunta ya tsaya.

"Baba, akwai wani da waya ke karanta masa?"

"Mu huɗu ne. Na gaya musu su yi haƙuri, za ki buɗe."

Ta dubi agogo, ta jawo biro.

"Ba ni lambobinsu, Baba. A hankali."