Katakon Awon Iya Fumiyo

'Yan mata, shekara goma kuna kau da kai, har matan ƙauyenmu masu nutso a teku suka ragu zuwa uku. Chizuru kaɗai ta baro birnin Nagoya ta dawo koyo.

Ranar farko ta ɓullo daga ruwa tana haki, riƙe da katantanwar teku guda. Tsohuwa Fumiyo ta gwada ta da katakon awo, ba ta kai girman ɗauka ba.

"Mayar da ita, 'yar birni."

"Haba Iya, ita kenan fa na samu!"

"Kakata ta mayar, shi ya sa kika samu."

Chizuru ta ja numfashi, ta nutsa, ta manna ta a dutsenta.

Saura ku. Kwalekwale zai fita ranar Asabar, ku zo ku koya.