Bakin Gora

Likita Mansur bai kai ƙarshen maganarsa ba Arzika ya miƙe ya ɗauki hularsa.

Abin da ya ji ya ishe shi. Ciwon dajin da ke duburarsa bai mutu ba. Duk zaryar da ya yi Sakkwato, da ƙarin ruwan da ya hana shi cin tuwo, da gashin inji da ya saɓule masa fata har zama ya gagare shi, ashe lafawa kawai ciwon ya yi. Saura tiyata. A yanke wurin gaba ɗaya a ɗinke, a fito da hanji ta gefen ciki, ya riƙa bayan gida a leda har ƙarshen ransa. Tun da safe ma nas ɗin sashen, Sista Caroline, ta ɗiga masa alama da biro a hagu da cibiya, inda za a huda.

"In ba a yi ba fa?" ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Zai ci gaba da cinka, Baba. Ba ni da wani magani bayan wannan."

Arzika ya ce a ba shi lokaci. Ya hau mota daga Birnin Kebbi ya koma Argungu da niyyar ba zai dawo ba.

Matarsa Inno ta zaci alwala ce damuwarsa. Ta aika wurin limamin unguwa, aka dawo da amsa cewa mai lalura sallarsa ta yi. Arzika ya ce ya sani. Ta ce to kunya ce? Babu mai ɗaga masa riga a kasuwa. 

Shi masunci ne tun bai yi gemu ba. Kuma masuncin Argungu ba a tsaye yake aiki ba: kifa cikinsa yake a bakin ƙaton gora, goran ya ɗauke shi bisa ruwa, hannuwansa riƙe da ragar homa, kifin da ya kama ya jefa cikin goran. Ranar da ya dawo daga asibiti, ya shiga ɗaki ya kwanta a kan goransa. Alamar biron ta sauka daidai kan gefen bakin, inda duk nauyinsa yake zama. Nan ya yanke shawara. Gara ciwon ya same shi a gulbi da ya yi shekaru a zaure yana tambayar yara ko ruwa ya ja baya.

A kan goran Inno ta iske shi, riga a naɗe.

"Malam, mi kake aunawa?"

Ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga na ka ɓoye min? Ni ina can ina wahal da liman."

"Mi za ki yi in na faɗa miki? Ki gyara halitta?"

"Ka tambayi masu yankan ko wurin na gusawa?"

Bai tambaya ba. A saninsa inda asibiti ya ɗiga biro, nan ne.

Washegari Inno ta sa aka ɗaure goran a bayan mota. Da suka ratsa barandar asibiti da shi, masu jinya suka riƙa darewa, wani ya tambaya ko gulbi ya iso Birnin Kebbi. Arzika ya sunkuyar da kai. Sista Caroline ta yi dariya har ta dafa bango, amma da ta ji bayani sai ta ja labule. Ta shafa alli a bakin goran ta ce, "Baba, kwanta yadda kake kwanciya a ruwa. Ban da gyara don ni."

Ya kwanta. Da ya tashi, ga farin zobe a cikinsa, ɗigon biron a kan layin. Ta kira likita.

Likita Mansur ya tattaɓa cikin. Ya ce dole hujin ya bi ta cikin tsoka, ba zai iya fitar da shi waje da zoben ba. Amma zai iya matso da shi ciki kaɗan, ledar ta sauka a ramin goran, babu abin da zai danne ta.

"Nan nike zuba kifi," in ji Arzika a hankali. "Abincin mutane na."

"Sai ka ɗaura kwando a gefe," in ji Inno. "Dama rabin ranakun goran wofi ka ka dawowa da shi."

"Ke dai ba ki taɓa kwana da yunwa ba."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce gara Baba ya ji sauran. Naman da aka gasa ba ya saurin warkewa, zai yi watanni bai zauna daidai ba. Shiga ruwa kuwa sai wurin yankan ya rufe sarai, wataƙila bayan damina, wataƙila sai wata daminar. Ba zai rantse ciwon ba zai dawo ba.

Arzika ya dubi zoben allin. Ya tuna bakin goran nan ya yi ƙunci, leda za ta goga. Akwai mai gyaran gora a bayan kasuwar kifi, in an sa shi ya fara nema yanzu, zai samo babba ya faɗaɗa masa baki. Sai ya lura lissafin baɗi yake yi, abin da rabonsa da yi tun Sakkwato.

Ya ɗaga rigarsa sosai ya juya wajen nas ɗin.

"Ɗiyata, goge ɗigon farko. Sa inda likita yac ce."