Tudun da Ke Kan Bishiyoyi

An dakatar da haƙa harsashin sabon asibitin ranar Talata da hantsi, kuma wanda ya sa aka dakatar shi ne ya zaɓi filin tun farko: jami'in taswira na ofishin safiyo, wanda abokan aiki ke kira Dogo.

Wata huɗu da suka wuce aka ce ya nemo wurin da ambaliya ba za ta kai ba. Ko daga kujerarsa bai tashi ba. Ya buɗe taswirar da tauraron ɗan Adam ya samar, irin wanda ke harbo sigina ƙasa, ya auna tsayin kowane wuri daga yadda ta koma masa. Gabas da kasuwa taswirar ta nuna tudu mai mita goma sha biyu. Dogo ya zagaye shi da jan biro, ya sa hannu.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin a dakatar da aikin, ya kai wa kawunsa magani. Tsohon ya yi shekara talatin yana awon filaye kafin ya yi ritaya. Da ya ji inda za a yi ginin, sai da ya yi dariya har da tari.

"Tudu? Ɗan nan, can muke kama kifi da damina. Tauraron naka ya taɓa tuɓe takalmi ya shiga wurin?"

Washegari Dogo ya ɗauki na'urar awo ya tafi. Kwari ya tarar, cike da dogayen bishiyoyi. A kan ganyensu siginar ta tsaya ta koma. Ƙasar kuwa ta fi titi zurfi da mita biyu. Ɗan kwangila ya ce ya lura, amma shi takarda yake bi.

Rani ne. Idan Dogo ya yi shiru, sai bayan wata biyar ruwa zai tona asirin, watakila ma a ce ikon Allah ne. Idan ya yi magana, aikinsa na iya tafiya, ga yara uku a makaranta. Ya rubuta rahoto shafi ɗaya.

Shugaban sashe ya karanta sau biyu, ya tura ƙofa, ya ce ya sake rubutawa ya ɗora wa na'ura laifin, tunda ita ba ta da iyali.

"Ranka ya daɗe, ba ita aka tura neman fili ba," in ji Dogo.

Haka rahoton ya hau sama. Kwamitin ladabtarwa ya zauna sau biyu a kan Dogo, bai ce ya tafi ba, bai ce ya zauna ba. An ɗage zama na uku zuwa ranar da ba a sa ba tukuna.